Ƙarin Jijiyar Kunne da Tafiyar Ruwa

Cutar da likitoci ke kira akustik niyuroma ƙari ne da ke tsirowa a kan jijiya ta takwas cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, wadda ke ɗauko saƙon ji da na daidaiton jiki daga kunnen ciki. Ba ciwon daji ba ne. Girmansa a hankali yake, galibi milimita 1 zuwa 2 a shekara, wani ma ya tsaya cak. Yawanci kunne ɗaya yake kamawa, sai ji ya ragu, kunnen ya riƙa ƙara, tafiya ta zo da ɗan tangaɗi. Ko an yi wa mutum tiyata, ko an ƙona ƙarin da na'urar Gamma Knife wadda Lars Leksell ya ƙirƙiro a Suwidin, ko ana bibiyarsa da hoton MRI kawai, da zarar tafiyar jirgin ruwa ta taso fargabar amai ce ke fara zuwa masa. A ganina ba nan gizo ke saƙar ba.

Tsayuwar ɗan Adam kamar tukunya ce a kan duwatsun murhu uku: kunnen ciki, da ido, da abin da tafin ƙafa da gaɓoɓi ke ji. Idan jijiyar gefe ɗaya ta lalace, ƙwaƙwalwa takan koyi jingina da kunnen da ya rage, ta ƙara ɗora nauyi a kan ido da ƙafa. Wannan koyo kan ɗauki makonni ko watanni bayan tiyata, kuma motsa jiki na hanzarta shi, irin atisayen kai da ido da Cawthorne da Cooksey suka tsara a Landan a shekarun 1940. To, waɗannan duwatsu biyu da aka jingina da su, su jirgi ke girgizawa. Daɓen da ƙafa ta amince da shi yana karkata, bangon ɗaki kuma yana tafiya tare da mutum, ido ya ce komai a tsaye yake alhali jiki na lilo.

Shi tashin zuciyar teku sai da kunnen ciki mai aiki yake samuwa. Tun 1882 William James ya lura cewa kurame da yawa ba su san jiri ba. Daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa 1968 rundunar sojan ruwan Amurka da hukumar NASA sun yi gwaje-gwaje da kurame 11 daga kwalejin Gallaudet, waɗanda sanƙarau ya lalata wa yawancinsu kunnen ciki. An shiga da su teku mai hauka kusa da Noba Sikoshiya, masu binciken suka kwanta da amai, su kuwa suna ta kartarsu. Mai lafiyayyen kunne ɗaya bai sami wannan cikakkiyar kariya ba, yana iya yin amai kamar kowa. Amma amai kan lafa cikin kwana biyu ko uku. Abin da ya bambanta shi da sauran fasinjoji shi ne faɗuwa.

Mu dubi lokacin da babban jirgi ya tsaya nesa da gaɓa, aka kawo ƙaramin jirgi ya kwashi mutane. Ƙafa ɗaya tana kan dandamalin da ba ya motsi sosai, ɗayar tana neman dandamalin da ke hawa da sauka, ido yana kan ruwan da ke gudu a tsakani, ma'aikaci kuma yana cewa a taka yanzu, ta gefen kunnen da ba ya ji. A wannan taku ɗaya ba abin da ke faɗa wa ƙwaƙwalwa gaskiya. Haka tsakar dare, in mai cutar ya tashi zuwa banɗaki cikin duhu a kan jiƙaƙƙen daɓe. Ga wani abu da ba a cika ambata ba: mai kunne ɗaya ba ya gane inda ƙara ta fito, in kuma ya kwanta a kan kunnen da ke ji, ƙararrawar gaggawa na iya wuce shi. Shi ya sa nake ganin sanar da ma'aikatan jirgi halin da ake ciki tun ranar farko wajibi ne, ba abin jin kunya ba.

Nan ne maganar magani ke damuna. Ƙwayoyi irin su Stugeron da Avomine, da filastar sikofolamin da ake mannawa bayan kunne ta yi awa 72 tana aiki, duk danne saƙon kunnen ciki suke yi. Suna kawo barci, filastar kan sa gani ya yi dishi-dishi, yawan shansu kuma yana jinkirta koyon da ƙwaƙwalwa ke yi. Ka ga an kashe amai ta hanyar raunana duwatsun da suka rage. Shawarar sha ta likitan da ya san mai cutar ce, a kuma gwada a gida kafin ranar tafiya.

Girman jirgi da irin ruwan suna da tasiri. O'Hanlon da McCauley sun nuna a 1974 cewa hawa da sauka sau ɗaya a kowace daƙiƙa 5 ko 6 ya fi tayar da zuciya, kuma goshin jirgi da bayansa sun fi shan wannan lilo. Ɗakin tsakiya a benen ƙasa, mai tagar da ake hango inda sama ta haɗu da ruwa, ya fi dacewa. Yawon Kogin Nilu daga Luksor zuwa Aswan kusan shimfiɗa ne in an gwada shi da tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda. Kwale-kwalen Yawuri kuwa, duk da kogi ne, ya fi su neman hattara: a zauna ƙasa a tsakiya, da rigar kariya a jiki, domin wanda ya nutse cikin ruwa mai duhu da raunin kunne yana iya kasa gane sama da ƙasa ko da ya iya iyo.

Bayan sauka ma akwai saura. Mutane da yawa kan ji ƙasa na lilo na wasu awoyi. Idan ya wuce awa 48, musamman in yana lafawa cikin mota mai tafiya ya dawo da an tsaya, ya shiga yanayin da Brown da Baloh suka bayyana a 1987, wanda ya fi kama mata masu matsakaicin shekaru. Mai ƙarin kunne da ya ga haka, ko ya ji ciwon kai sabo ko fuskarsa ta yi nauyi, ya koma asibiti a duba ƙarin kansa kafin a ɗora wa teku laifi.