Launin da Layi Ya Cinye

Ma'aikaci yana zaune a ofis a Buza ko Keita, ya shiga babbar kwamfutar hukumarsu da ke Yamai daga nesa, sai ya tarar ƙananan alamomin da ke allo sun sauya kama: kore ya dushe, ja ya yi dabbare-dabbare, gefen wasu ya yi baƙin zobe. Mu masu gyara mun saba ɗora laifin a kan bairos ko allo, har a kai ga goge na'ura baki ɗaya. A yawancin lokuta kwamfutar lafiyarta lau. An dai yi ciniki ne tsakanin launi da ƙarfin layi, kuma cinikin ya girmi da yawa daga cikin masu wannan sana'a.

Da Microsoft ya fito da RDP, tsarinsa na shiga kwamfuta daga nesa, a 1998, tare da Windows NT 4.0 Terminal Server, launi 256 kacal yake aikawa. Dalilin lissafi ne. Kowane ɗigo a allo yana cin bit 8 a wannan mataki, cikakken launi kuwa bit 24, wato kaya ninki uku a kan layin tarho da bai wuce kilobit 56 a daƙiƙa ba. A 2001 Windows XP ya buɗe hanyar aika launi fiye da miliyan 16, kuma shi ne ya zo da alamomi masu lallausar inuwa a gefe. Nan aka haifi matsalar. Alamar da aka zana don miliyoyin launuka, in aka matse ta cikin 256, inuwarta ba ta da wurin zama, sai ta koma zobe mai kaushi. A tsarin da ya gabaci RDP 8, mai kula da babbar kwamfuta yana iya ƙayyade zurfin launi daga can, ta yadda duk abin da za a murɗa a Buza ba zai canza komai ba.

Wani zai ce wannan labarin zamanin da ne, tunda ga 4G. Ai ragin bai gushe ba, wuri ya sauya. Tun daga RDP 8 na 2012 tsarin yana auna layi da kansa, yana rage ingancin hoto idan rezo ya yi rauni. Dabarar matse bidiyo ta H.264 da ake amfani da ita kan adana hasken kowane ɗigo, amma ta haɗa ɗigo huɗu a kan launi ɗaya, don idon mutum ya fi kula da haske. A fim ba a lura. A alama ƙarama kamar ƙwayar gero, ko siririn jan rubutu, nan take ake gani. Sauran manhajojin shiga daga nesa irin su TeamViewer da AnyDesk ma suna ba da zaɓi tsakanin sauri da kyawun hoto. Shi ya sa manhaja ɗaya za ta fito tas a Madawa, bakin babbar hanyar RN1, ta dushe a ƙauyen da ke kwari tsakanin tuddan Adar.

Akwai kuma masu cewa launi ado ne, in dai aiki na tafiya. Ban yarda ba. A manhajar asibiti ko ta asusun ajiya, ja da kore ne sukan bambanta abin da ya shiga da wanda ya maƙale, kuma ma'aikacin da ya kasa rarrabe su zai aika abu sau biyu ko ya bar shi bai tafi ba. Don haka kafin a taɓa faifai, a dubi alamar a allon ita kanta babbar kwamfutar. In ta fito daidai a can, a duba zurfin launi a ɓangarorin biyu, sannan a sake gwadawa da asuba, lokacin da layi bai cika ba.