Bashin kati da bashin waya a zaman Kudu: abin da ya kamata ka sani kafin ka ce za ka gudu gida

Ni ɗan Potiskum ne mazaunin Agege, kuma tambayar da 'yan garinmu suka fi yi mini a 'yan shekarun nan ita ce: "Bashin banki ya fi ƙarfina, in na tattara na koma gida na canza layi, ba shi ke nan ba?" Amsar a taƙaice ita ce a'a. Bashin yanzu lambar BVN ɗinka yake bi, bai damu da adireshinka ba. Shi ya sa na tattara bayanin nan don 'yan'uwanmu na Mile 12, Idi-Araba, Sabon Ibadan, Shagamu, Onica da Fatakwal, da kuma waɗanda suka ƙetare zuwa Dubai, Saudiyya ko Ingila.

Bashi ba baƙonmu ba ne

Duk wanda ya san kasuwar shanun Potiskum ta ranar Laraba ya san cewa rabin cinikin amana ce. Ana loda shanu a tirela, a yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 zuwa Oko-Oba a Legas ko Akinyele a Ibadan, mahauci ya ɗauka, kuɗi su biyo baya. Tsarin ya daɗe. Baturen nan Abner Cohen, wanda ya yi bincike a Sabon Ibadan ya fitar da littafinsa a 1969, ya bayyana yadda fatake ke sauka wurin maigida, dillalinsa ya sayar wa mahauta bashi na 'yan makonni, shi kuma maigida ya tsaya a kan kuɗin. Mahaucin da ya ƙi biya, kasuwa ta rufe masa ƙofa.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma wancan bashin yana da fuska. Ka san mai shi, ya san ubanka, in asara ta same ka sai a je wurin Sarkin Hausawa ko sarkin kasuwa a ɗaga maka ƙafa, kuma kuɗin ba ya ƙaruwa don ka yi jinkiri. Bashin kati da na manhajar waya kuwa kwamfuta ce ke lissafa shi, kullum garin Allah ya waye yana hawa.

Yadda katin bashi yake aiki

Katin cirar kuɗi da muka saba da shi, kuɗinka ne kake cira. Katin bashi kuwa kuɗin banki ne. Ana sa maka iyaka, ka kashe, ƙarshen wata a turo lissafi. In ka biya duka kafin wa'adi, yawanci babu kuɗin ruwa a kan sayayya. In ka cire tsabar kuɗi da shi a na'ura, galibi ruwan yana fara hawa tun ranar. Tarkon yana wurin da aka rubuta "mafi ƙarancin abin da za ka biya".

Ga misali, mu ƙaddara ana bin ka naira 500,000, ruwan kuma kashi 3 cikin 100 a wata. Ruwan watan farko kaɗai naira 15,000 ne. In kana biyan 20,000 duk wata, 5,000 ce kawai ta taɓa uwar kuɗin. A haka sai ka yi wata 47 kana biya, ka zuba kusan naira 940,000. In ka daure ka riƙa biyan 30,000, a wata 24 ka gama, abin da ka biya bai wuce 705,000 ba. Ka ga bambancin da 10,000 ta kawo.

Wanda katinsa na dala ne, shi kuma nasa ciwon biyu ne. Kafin a saki farashin naira a watan Yunin 2023, dala tana wajen naira 460 a hukumance. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Mai samun naira da ake bi dala 1,000 ya wayi gari bashinsa ya ninka fiye da sau uku bai sayi ko allura ba.

Me ya sa komawa gida ba ya raba ka da shi

An ƙaddamar da BVN a 2014, kuma lamba ɗaya ce ke ɗaure duk asusunka. Daga 1 ga Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin GSI. Ma'anarsa, in ka sa hannu a takardar lokacin karɓar bashi sannan ka ƙi biya, bankin yana iya cire kuɗinsa daga asusunka na wani bankin daban, har da asusun haɗin gwiwa. To ka buɗe sabon asusu a titin Mohammed Idriss a Potiskum, ranar da kuɗin buhunan wakenka suka shiga, a kwashe. An gudu ba a tsira ba. Sai dai ka riƙe wannan: uwar kuɗi da ruwan da ya taru kaɗai aka yarda a cira ta wannan hanya, ban da tarar jinkiri.

Akwai kuma kamfanonin adana tarihin bashi guda uku masu lasisi: CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Sunan da ya shiga can da tabo, duk bankin da ka je neman jari zai gani, ko da na Musulunci ne. Dokar 2017 ta ba ka damar neman rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara, kuma in ka ga kuskure kana da ikon a gyara.

Sannan ka tuna da wanda ya tsaya maka. In ka ɓace, shi za a bi, kuma sau da yawa maigidanka ne a zango ko ɗan'uwanka ma'aikaci. Sunan da ka ɓata a Agege zai riga ka isa kasuwar Laraba.

Matakan da nake ba kowa shawara

Na farko, daina amfani da katin yau ɗin nan, kuma kada ka ci sabon bashi don biyan tsoho. Masu tsalle daga wannan manhaja zuwa waccan su suka fi nitsewa.

Na biyu, ɗauki takarda ka rubuta komai: wa ke bin ka, nawa ne uwar kuɗin, nawa ne ruwan a wata, yaushe ne wa'adi. Nemi cikakken bayanin asusunka daga banki ka duba layi-layi.

Na uku, ware abin da ba a taɓawa: abinci, haya, kuɗin makarantar yara, magani, da jarin da kake juyawa. Wanda ya sayar da babur ɗin da yake nema da shi don ya rufe bakin mai kira a waya, wata mai zuwa da me zai biya? Abin da ya rage bayan waɗannan shi ne ƙarfinka na gaskiya.

Na huɗu, ka je banki da ƙafarka kafin su neme ka. Rubuta wasiƙa, ka faɗi dalilin da ya sa ka kasa, ka faɗi abin da za ka iya duk wata. Ka roƙi a rufe katin a mayar da bashin na biya kaɗan-kaɗan mai adadi tsayayye, a yafe tarar jinkiri, ko a karɓi wani kaso a dunƙule a rufe maganar. Ba dole ne su yarda ba, amma banki ya fi son kuɗin da ke shigowa a kan shari'a. Duk abin da aka amince a rubuta, a buga hatimi. Kada ka tura kuɗi asusun wani ma'aikaci na kansa. In ka gama biya, karɓi takardar shaidar ba a bin ka komai.

Na biyar, in basussukan suna da yawa, biya mafi ƙarancin kowanne, ragowar ka zuba wa wanda ruwansa ya fi tsada.

Na shida, gaya wa gida gaskiya. Wallahi da yawa daga cikinmu kunya ce ta jefa su, wai kada a ce ɗan Legas bai aiko da ragon layya ba. Rage aike na wata shida ya fi a sayar da gonar gado.

Haƙƙinka ko da ana bin ka

Bashi ba laifin da ake kama mutum ba ne. Sashe na 8 na dokar shari'ar laifuka ta 2015 da sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 sun hana kama mutum kan saɓa yarjejeniya kawai, kuma doka ta hana kama ɗan'uwanka a madadinka. Amma ka kula: ba da cek ɗin da ka san babu kuɗi a kansa, ko karɓar bashi da takardun bogi, wannan laifi ne.

Mai bin ka kotu zai je. A Legas akwai kotun ƙananan basussuka tun 2018. In sammaci ya zo, kada ka ƙi zuwa, don hukunci a bayan idonka ya fi muni. Akwai kuma cibiyar sasanta jama'a ta gwamnatin Legas, inda ake zaunar da mutane kyauta.

In banki ya cire abin da bai kamata ba, kai ƙara a rubuce wurinsu ka karɓi lambar ƙorafi. In mako biyu ya wuce ba a warware ba, kai maganar sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. Manhajojin da ke tura wa mutanen wayarka saƙon cewa kai ɓarawo ne kuwa, hukumar FCCPC ta fara dirar musu a 2022 tare da tilasta musu rajista, Google ya hana su leƙa lambobi da hotunan waya a 2023, kuma a shekarar aka kafa dokar kare bayanan jama'a. Ɗauki hoton saƙonnin ka kai ƙara. Cin zarafin da suka yi bai shafe uwar kuɗin da ka karɓa ba, wannan ka biya.

Ga waɗanda ke ƙasashen waje

A Daular Larabawa da Saudiyya, kotu na iya hana wanda ake bi fita ƙasar. Wasu sai a filin jirgi suke sani, wasu kuma sai sun dawo bayan shekaru. Daga Janairun 2022 Daular Larabawa ta sassauta hukuncin cek ɗin da ya dawo babu kuɗi, amma banki na iya kai shi kai tsaye ga alƙalin zartarwa. Saudiyya na da SIMAH, Daular na da Al Etihad, duk masu adana tarihin bashi. Wanda ke da niyyar komawa aiki ko Umara, ya daidaita da bankin kafin ya bar ƙasar, ya riƙe takardar sallama. In ka riga ka dawo, ana iya sasantawa ta imel, amma tabbatar da bankin kake magana, ba ɗan damfara ba.

A Ingila, StepChange da Citizens Advice suna ba da shawara kyauta, kuma tun Mayun 2021 akwai tsarin hutun kwana 60 da ake tsayar da ruwa da matsin masu bin bashi. Kada ka biya kowa kuɗi don ya "goge" maka bashi.

Ta fuskar addini da zumunci

Malamai sun yi bayanin haramcin riba, kuma wanda ya riga ya faɗa, abin nema shi ne fita da wuri. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, ta 280 kuma ta yi umarnin a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Wanda bashi ya danne yana cikin mutum takwas da aka ambata a Suratut Tauba cewa sun cancanci zakka. Don haka ba abin kunya ba ne ka sami limamin unguwa ko shugaban ƙungiyarku ka yi masa bayani. Rance marar ruwa daga ɗan'uwa, ko a sa ka a farkon ɗaukar adashe, zai iya kashe bashin katin gaba ɗaya, amma a rubuta, a sa shaidu.

Nan gaba in kana neman jari, duba bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa: Jaiz da ya fara a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021. Su ma akwai riba a cinikinsu kuma suna bin haƙƙinsu, don haka karanta kafin ka sa hannu, ko ka sa a karanta maka.

Kira na ga shugabannin zango da ƙungiyoyin 'yan Yobe a Kudu shi ne su ware ɗan asusu na rance, su kuma sami yaro mai ilimi da zai riƙa duba wa mutane takardun banki. Iyayenmu sun riƙe cinikin shanu tsakanin Potiskum da Legas da amana da tsaya wa juna, mu ma za mu iya. Allah Ya biya wa kowa bashinsa, Ya rufa mana asiri.