Guzurin Gabas: Yadda Alhazan Ƙafa Suke Lissafin Hanyar Makka

A cikin tsohon birnin Kano, tun daga Ƙofar Na'isa har Ƙofar Mazugal, idan tsofaffi suka ce wane ya yi Gabas, suna nufin mutumin da ya biya basussukansa, ya bar wasiyya, ya nemi gafarar dangi, sannan ya kama hanyar Makka da ƙafa. Daga Kano zuwa Sawakin, a gaɓar Bahar Maliya, tafiyar ta haura kilomita 3,000. Ana bi ta Barno, a ƙetare kogin Shari, a ratsa Abeche ta ƙasar Wadai, a shiga Darfur ta Junaina da Fashir, a wuce Kurdufan, kafin a kai ga kogin Nilu. Mafi yawan masu wannan tafiya manoma ne da almajirai da masu sana'ar hannu, waɗanda ba su taɓa riƙe kuɗin da zai kai su ko rabin hanya ba. To, da me suke biya?

Suna biya da ƙarfinsu da shekarunsu. Guzurin da ake fita da shi daga gida, jaki da gero da 'yan tufafin sayarwa, kan ƙare tun tafiya ba ta yi nisa ba. Abin da ke ɗorewa shi ne sana'a. Wanzami ya yi aski, baduku ya yi ɗinkin fata, malami ya koyar da yara, mata su soya ƙosai a bakin kasuwa. Idan damina ta faɗi, ayari ya yada zango, a nemi gona ko ƙwadago, a jira kaka. Don haka ake ƙirga tsadar tafiyar da yawan damunan da za ta ci, kuma ba abin mamaki ba ne mutum ya shafe shekara bakwai ko goma kafin ya dawo.

Kafin zuwan Turawa ma akwai kuɗin wucewa. Ana kai gaisuwa ga sarkin ƙasar da aka ratsa, ana biyan fito ga masu jiragen ruwa. Sai dai duk wannan ana iya biyansa da kaya, ana iya yin ciniki a kansa, wani lokaci ma a yafe wa malami ko miskini saboda alfarmar ibadar da ya nufa.

Mulkin mallaka ne ya shigo da takarda cikin lissafin. Hanyar ta koma ƙarƙashin hukumomi uku: Ingila a Najeriya, Faransa a Chadi, Ingila da Masar a Sudan. Abubuwa uku suka dame su. Na farko siyasa, domin bayan yaƙin Burmi a 1903 mabiya Sarkin Musulmi Attahiru sun yi hijira Gabas, har ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa gari a bakin Shuɗin Nilu, kuma Turawa suna fargabar aƙidar Mahadiyya ta biyo hanyar ta dawo. Na biyu annoba, musamman kwalara da agana. Na uku alhazan da guzuri ke yanke musu a Jidda, ɗawainiyar mayar da su gida ta faɗa kan ofishin jakadancin Ingila. A shekarun 1920 da 1930 aka tsara cewa maniyyaci ya mallaki fasfo, ya ajiye kuɗin jingina, a yi masa lamba, a killace shi a Sawakin, ya kuma yanki tikitin jirgin ruwa na zuwa da dawowa. A can Hijaz kuwa kuɗin shiga da ladan muɗawwifi suna jiransa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake biya da damin gero, tsabar kuɗi ake nema, kuma a dunƙule.

Inda ake samun tsabar shi ne Sudan. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, gonakin auduga na Jazira suka buƙaci hannaye, maniyyata daga Afirka ta Yamma suka zama cikin manyan masu cirar audugar. Wasu suka tara kuɗin takardu suka ƙetare. Wasu suka kauce wa Sawakin, suka gangara wajen Masawa a Eritiriya, wadda ke hannun Italiya, suka shiga ƙananan jiragen Larabawa da dare, da haɗarin nitsewa da na faɗawa hannun masu cinikin bayi. Wasu kuma tarin ya ƙi cika, aure da haihuwa suka riske su, zango ya zama gida. Yawancin Hausawan Sudan na yau jikokin wannan lissafi ne da bai kammalu ba.

Mai hali bai sha wannan wahala ba. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi aikin Hajji a 1921 ta jirgin ruwa, ya biya ta Ingila. Daga 1948 kamfanin jigilar alhazai na su Alhaji Mahmud Ɗantata, wanda unguwar Wapa a Fagge ta gaji sunansa, ya fara kwasar maniyyata a motoci, daga baya jirgin sama ya karɓi aikin. Tafiyar shekaru ta koma ta sa'o'i, amma sai wanda ya biya kafin ya taka ko taki ɗaya.

Tsarin ke nan har yau. Kuɗin kujera ya haura naira miliyan 8 a 2025. Shirin Adashin Gata, wanda hukumar alhazai ta ƙasa ta ƙaddamar da bankin Jaiz a 2020, ya mayar da tarin damuna zuwa asusun banki, mutum ya tara yana zaune a gidansa. Masu kauce wa takarda ma ba su ƙare ba. A Hajjin 2024 mutum fiye da 1,300 suka rasu cikin tsananin zafi, hukumomin Saudiyya suka ce kashi 83 cikin ɗari nasu ba su da izinin aikin, abin da ya hana su tanti mai sanyi da motar jigila. Kamar a zamanin Masawa, wanda kuɗin izini ya gagara shi ne ya fi shiga haɗari.