Lissafin shekaru a ƙasar Magarya da Dungas: daga ƙirgen gargajiya zuwa aljabara

A wannan ɗan rubutu muna son mu nuna cewa matsalolin shekaru da ake bai wa ɗaliban kwaleji ba baƙon tunani ba ne a ƙasar Magarya da Dungas. Siffar tambayar ce baƙuwa.

Kafin Faransawa su kama Damagaram a 1899, har ma bayan haka, mutanen karkara ba su cika riƙe shekarunsu da lamba ba. Akan jingina haihuwa da wani abin da ya auku, kamar yunwar Ƙaƙalaba ta 1913-1914, ko kuma El Buhari ta 1984-1985, wadda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Sannan a ƙirga rata: wane ya girmi wane da damina uku. Da gwamnati ta buƙaci lamba, sai aka riƙa rubuta «né vers» a takardun haihuwa, wato «an haife shi wajajen shekara kaza». Kuskure a nan yana iya hana yaro shiga lakwal ko zama jarrabawa.

Aljabara kuwa ta samo sunanta daga littafin al-Khwarizmi, wanda ya rubuta a Bagadaza wajajen 820. Babban sashe na littafin ya shafi rabon gado ne, ilimin da malamanmu suka daɗe da sani.

Mu ɗauki misali. Shekarun uba (x) da na ɗansa (y) sun haɗa 56. Nan da shekara 4, na uban za su kai uku na ɗan. Ke nan x + y = 56, kuma x + 4 = 3(y + 4). Ta biyun ta ba mu x = 3y + 8. In muka sa wannan a ta farko, 4y = 48. Ɗan yana da 12, uban 44. Ninki yana sauyawa kowace shekara, amma ratar 32 ba ta motsawa, kuma ratar ce dattawa suke riƙewa.

Saura matsalar harshe. An buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, amma har yanzu jimlar «ya ninka shi sau biyu» tana ɗaukar fassara fiye da ɗaya: 2y ne, ko 4y? A ganinmu, aikin masana harshe ne su tsayar da irin waɗannan kalmomi tare da malaman lissafi, su kuma fara daga rata, wadda ɗalibi ya taso da ita tun daga gida.