Daga Kiyashi Zuwa Na'urar Damtse: Tarihin Awon Ciwon Suga

Kamar yadda kowa ya sani, ƙasar Danja ƙasar rake ce da mazarƙwaila, ga tumatir ga albasa, shi ya sa da zarar an ce wane ya kamu da ciwon suga sai ka ji an ce ai dole, rake ne ya cinye shi. Alhali maganar ta wuce nan. Ciwon yana samuwa ne idan sinadarin insulin, wanda ke buɗe wa suga ƙofa ya fita daga jini ya shiga tsoka, ya yi ƙaranci ko jiki ya daina jin maganarsa, kuma gado da ƙiba da yawan shekaru duk suna da hannu a ciki. Abin da ya fi wahalar da ɗan Adam tun fil azal shi ne yadda zai gane yawan sugan da ke yawo a jikinsa, tunda ba a ganinsa da ido. Tarihin wannan awo nake so mu bi yau.

Ma'aikacin gwaji na farko dai kiyashi ne. Masu maganin ƙasar Indiya na dauri sun lura cewa akwai masu ciwon da in sun yi fitsari sai ƙwari su yi dafifi a wurin, saboda haka suka raɗa wa cutar suna mai ma'anar fitsarin zuma. Shi ma Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya siffanta cutar a littafinsa Alƙanun. A 1674 likitan Ingila Thomas Willis ya rubuta cewa fitsarin masu ciwon zaƙi ne da shi, kuma da harshe aka gane haka. Kai, likitocin da sun ga ta kansu! Sai a 1776 Matthew Dobson ya ƙafar da fitsarin a kan wuta, ya ga abin da ya rage a ƙasa kamar suga mai ƙasa-ƙasa, wato dai kusan yadda ake dafa ruwan rake har ya daskare ya zama mazarƙwaila.

A 1908 Stanley Benedict na Amurka ya haɗa wani ruwa shuɗi. A ɗiga fitsari a ciki a tafasa, in ya koma kore akwai suga kaɗan, in ya koma ja kamar jan bulo to abin ya yi yawa. Amma fitsari tsohon labari yake bayarwa, domin suga ba ya tsallakowa cikinsa sai ya kai wajen 180 a jini, sannan ba ya nuna lokacin da suga ya faɗi ƙasa. Wannan giɓi ya zama babbar magana bayan da Banting da Best suka samo insulin a Toronto ta Kanada a 1921, aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurarsa a watan Janairun 1922. Allurar ta ceci rayuka, sai dai in ta yi yawa tana kayar da suga har mutum ya suma. Ashe dole a koma ga jini.

Wajen 1965 kamfanin Ames ya fito da tsinken gwaji mai suna Dextrostix: a ɗiga jini, a jira minti 1, a wanke, a gwada launinsa da na jikin kwalba. A 1970 aka yi na'urar farko mai karanta tsinken, nauyinta ya haura kilo 1. Ita ce kakar 'yar ƙaramar na'urar da ake huda yatsa da ita a kemis-kemis na Funtuwa da Malumfashi. Matsalarta ɗaya, hoto take ɗauka. Tana gaya maka halin da kake ciki a wannan minti, amma abin da ya faru da tsakar dare kana barci, ko bayan ka tashi daga kwanon tuwon masara, ba ruwanta.

Daga nan aka shiga neman na'urar da ba ta barci. A 1999 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ta kamfanin MiniMed, wadda ake sawa kwana 3, likita ne kaɗai ke ganin sakamakon daga baya. Dexcom ya fito da tasa a 2006, sannan a 2014 FreeStyle Libre ta shiga kasuwar Turai. Faɗinta kamar kwabo, ana manna ta a bayan damtse, wani siririn zare ya shige ƙarƙashin fata yana awo dare da rana har kwana 14, ana karantawa a waya. A 2019 masana suka yi matsaya cewa ga yawancin masu ciwon, abin nema shi ne suga ya zauna tsakanin 70 da 180 fiye da kashi 70 cikin 100 na lokaci.

To amma mai karatu, wanda Allah ya hore wa ya saya, sai ya san halinta. Ruwan da ke tsakanin tsoka take aunawa, shi kuwa yana bin bayan jini da 'yan mintuna, don haka in jiki na rawa ana gumi amma lambar ta ce lafiya lau, a huda yatsa a tabbatar. Kwanciya a kan damtsen da take yakan sa ta nuna suga ya faɗi alhali ƙarya ne. Gumin bazara yana ɓamɓare ta, saboda haka a wanke wurin da sabulu, kada a shafa mai, a bari ya bushe sarai kafin a manna, sannan a riƙa sauya damtse. Wanka da alwala ba sa ɓata ta. Wadda ba a buɗe ba kada a bar ta cikin mota ko ɗakin kwano da rana. Masu shan ƙwayar bitamin C da yawa, da masu sikila da ke shan hydroxyurea, su gaya wa likita, domin waɗannan kan rikita lissafin wasu na'urorin. A watan azumi kuwa tana da rana sosai, tunda shawarar likitoci ita ce mai ciwon ya sha ruwa in suga ya yi ƙasa da 70 ko ya haura 300.

Yanzu bari mu dawo gida. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 3.6 ke ɗauke da shi a Nijeriya, kuma a Afirka fiye da rabin masu shi ba su ma san suna da shi ba. Na'urar kwana 14 sai an sayi 26 a shekara, kuma daga waje ake shigo da ita. Manomin Dabai ko Tandama da ke jiran kuɗin tumatir kafin ya sayi taki, ina zai iya? Shi ya sa duk matakan tarihin nan suna zaune tare a ƙasarmu lokaci guda. Wani attajiri na duba sugansa a waya, ma'aikaci na huda yatsa in albashi ya shigo, ita kuwa tsohuwa a ƙauye har yau kiyashin makewayi ne ke fara ba ta labari, wani lokacin ma sai gyambon ƙafa ya ƙi warkewa an kwashe ta zuwa asibitin koyarwa na Shika.

Ni a ganina, kafin mu yi mafarkin na'urar damtse, a fara wadata ƙananan asibitocinmu da tsinken gwaji da ba ya yankewa. Kai kuma ɗan'uwa, in ka ba shekara 40 baya, ko akwai mai ciwon a danginku, ko kana yawan fitsarin dare da ƙishirwa da rama, je ka a huda maka yatsa tun ƙafa da ido suna lafiya. Kada ka jira kiyashi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara mana lafiya mai amfani, amin.