Tarihin Gyaran Ƙafar Baya a Motocin Tseren Kwata Mil na Amurka

Tseren kwata mil gasa ce da motoci biyu ke tashi daga tsaye su yi gudu a miƙe na tsawon mita 402. An buɗe filin farko na kasuwanci a Santa Ana ta jihar Kalifoniya a 1950, kuma a 1951 Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA wadda ta tsara dokokin gasar. Tun farko direbobi suka gane cewa ƙarfin inji ba ya cin tsere sai tayoyin baya sun kama kwalta.

Matsalar ta tsananta bayan fitowar Pontiac GTO a 1964, lokacin da kamfanonin Detroit suka shiga dasa manyan injuna a matsakaitan motoci. Nauyin ya taru a gaba, baya kuma ya zama sakayau. A motocin da ke da sifirin mai falle-falle, idan direba ya taka totur, aksil yakan murɗa, sifirin ya lanƙwashe kamar baka sannan ya sake da ƙarfi. Taya sai ta riƙa tsalle, tana kamawa tana saki, har ta kai ga karya aksil ko farfela.

Kowane kamfani ya bi tasa hanyar. Chevrolet ya fito da Positraction a 1957, na'urar da ke raba ƙarfi ga tayoyin baya biyu don kada ɗaya ta yi ta juyawa a banza. Chrysler ya taurara gaban sifirin, ya kuma ɗora guntun roba a saman hancin aksil, wanda ke tokare ƙasan mota idan aksil ya ɗaga. Shelby GT350 ta 1965 ta zo da sandunan riƙe aksil. Camaro ta 1967 mai sifirin falle ɗaya ta yi ƙaurin suna wajen tsallen taya, don haka a 1968 aka raba shakazobanta, ɗaya a gaban aksil, ɗaya a bayansa.

Masu tsere sun zarce haka. Sun mayar da batir cikin but, sun sa shakazoba a gaba mai saurin miƙewa da jinkirin komawa, domin hancin mota ya ɗaga, nauyi ya koma baya. A 1965 Dodge da Plymouth suka matso da aksil na baya inci 15 zuwa gaba, na gaba kuma inci 10. Siffar motocin ta zama baƙuwa, kuma daga irinsu ne rukunin Funny Car ya samo asali.

Taya ma ta sauya. Kamfanin M&H ya fara ƙera tayar tsere mara zane a shekarun 1950. A tsakiyar shekarun 1960 aka samu mai laushin gefe, wadda ake ba iska kaɗan, gefenta ya tattare a lokacin tashi, ta shimfiɗu sosai a kan kwalta.

Bayan NHRA ta ƙirƙiro rukunin Pro Stock a 1970, gyara ya koma kan lissafi. Dogayen sanduna masu kama da tsani sun yaɗu, daga baya tsarin sanduna huɗu ya mamaye fagen. Maɗaurin kowace sanda yana da ramuka da dama, kuma sauya rami yana canza irin ƙarfin da ke danna taya a ƙasa, gwargwadon yanayin fili.

A yau masu tsere da tsofaffin motocin nan suna zaɓa tsakanin sandunan da ake ɗaura wa sifirin na asali da yanke ƙasan mota a sa sanduna huɗu, bisa abin da dokar rukuninsu ta yarda da shi. Ma'aunin da suke dubawa shi ne lokacin da mota ta ɗauka kafin ta cinye ƙafa 60 na farko, domin a nan ake gane ko ƙafar baya ta yi aikinta.