Kashi 0.7 da Sankarar Mama: Ina Ma'aunin Ya Kuskure?

Tun da Wilhelm da abokan aikinsa na ɗakin binciken Warren Chan a Jami'ar Toronto suka fitar da nazarinsu a 2016, adadi guda ya zama bulalar dukan masu aikin ƙwayoyin nano, ƙananan ƙunshin da ke ɗaukar maganin sankara: wai cikin abin da ake ɗura wa ɓera a jijiya, kashi 0.7 cikin ɗari ne kacal ke isa ƙari. Daga nan wasu suka ce hanyar ta ci tura. A ganina an yi riga malam masallaci. Inda aka kafa fatan tun farko, wato yoyon hanyoyin jinin ƙari, Matsumura da Maeda ne suka fara bayaninsa a 1986.

Ba lissafin nake musu ba. Tambayata ita ce, da me aka gwada shi? Ƙari ɗan tsiro ne a jiki, hanta da saifa kuwa aikinsu ke nan tsince baƙon abu daga jini. Zallar maganin da ba a ƙunshe ba, shi nawa yake kaiwa? Sai an ɗora wannan a ɗaya gefen sikelin kafin a yanke hukunci.

Kuma likita ba ɓera yake dubawa ba. Doxorubicin, jan ruwan nan da ake sa wa mata masu sankarar mama a jijiya, yana cin tsokar zuciya sannu a hankali, har a kai inda dole a dakata ko da yana aiki. Da aka ƙunshe shi cikin kwanson maiƙo, gwajin O'Brien na 2004 ya nuna cutar ta tsaya wata 6.9, a zallarsa kuwa wata 7.8, kusan kunnen doki, amma illar zuciya ta ragu ƙwarai. Ba a kyauta aka samu ba: tafin hannu da na ƙafa kan yi ja, su yi raɗaɗi, wani lokaci fata ta saɓule. Abraxane, wanda Amurka ta amince da shi a 2005, ya raba maganin paclitaxel da sinadarin man zurma mai tayar da borin jini, ƙarin ruwan awa uku ya koma rabin awa.

Sai dai a nan dole in rage baki. Duk wannan sauya wa guba mazauni ne, ba harbin ƙwayar sankara a goshi ba, kuma a kan batun saiti, da alama gaskiya na wajen Chan. MM-302, kwanson doxorubicin da aka liƙa wa abin farautar HER2 (wata alama da ke kan wasu ƙwayoyin sankarar mama), an tsayar da gwajinsa na HERMIONE don bai nuna fifiko ba. A gwajin CALGB 40502 ma, Abraxane na mako-mako bai ɗara paclitaxel ba, ga ƙarin mutuwar yatsu. Abin da hujja za ta iya ɗauka, in an matsa, shi ne matar da zuciyarta ba za ta jure zallar doxorubicin ba ta samu hanyar ci gaba da magani, kuma ba a auna wannan a ƙarin ɓera ba.